Kube a Kan Ƙafar Baba

A bayan ƙafar Baba ta dama, dab da babban yatsa, akwai wani farin tabo mai tsawon ɗan yatsa. Tun ina ƙarami nake kallonsa in yana alwala. Na tambaye shi sau ba adadi, amsarsa ɗaya ce: wuƙa ce. Wace wuƙa, ta wa, garin yaya, ba ya ƙarawa. Baba baduku ne, kuben wuƙa ne sana'arsa, kuma mutum ne da magana ke yi wa wuya. Ni kuwa Allah ya yi ni da tambaya, har Inna takan ce bakina ya riga ƙafata tafiya.

Yana da wata al'ada da ta dame ni tun lokacin. In ya gama kube, sai ya zura wuƙar ciki, ya miƙe tsaye, ya cire takalmi, ya kife kuben a saitin ƙafarsa, bakin yana kallon ƙasa, ya girgiza sau uku. In wuƙar ba ta motsa ba, ya miƙa wa mai ita. Na ɗauka camfi ne irin na mutanen da. Na taɓa ce masa ai ƙota ce za ta fara sauka, ba tsini ba, to mene ne abin tsoro? Ya ce wuƙa tana juyawa a iska. Nan maganar ta tsaya.

Ban gaji sana'ar a hannunsa ba. Da na tasa, na bi sawun ƴan Adar na tafi Abijan. A can na samu wani ataliye, wato shagon aiki, inda ake ɗinka jakunkuna da gidan salula na fata, na zauna shekaru da yawa. Komai a can da kwali ake yi. Ka zana abu a kwali, ka yanke, ka ɗora a fata, ka fitar da ɗari iri ɗaya kafin la'asar. Kuma kowane gidan salula yana da maƙalin ƙarfe a baya, wanda ake sakalawa a santir, wato ɗamarar wando, ya kama ƙam. Maƙalin nan ya burge ni ƙwarai. Har na riƙa tunanin kuben Baba da igiyarsu mai reto a ƙarƙashin hammata, ina cewa a raina mutanenmu sun sha wahala a banza.

Na haura arba'in lokacin da aka aiko mini cewa idanun Baba sun yi yana. Na dawo ƙauyenmu da iyalina, nan tsakanin Keita da Ibohamane, na tarar da shi yana gane rana da inuwa kawai. Bai ce mini in karɓi rumfa ba, ni ma ban ce zan karɓa ba. Ranar kasuwar Ibohamane dai na riƙe masa hannu muka tafi, ya zauna a buzunsa, na zauna gefen kayan aiki. Da haka na zama baduku.

Abu na farko da na yi shi ne zuwa wurin maƙerin garinmu da maƙali ɗaya da na taho da shi. Ya juya shi, ya danna, ya saurari ƙarar da yake yi, ya ce in ba shi kwana biyu. Daga ɓallen rasor, wato ƙarfen sifirin na tsohuwar mota, ya fitar mini da guda goma, sun fi na Abijan kamu. Na kai wa Baba ɗaya na sa masa a tafin hannu. Ya daɗe yana shafa shi. Ya sakala shi a bakin aljihunsa ya ja, ya yaba aikin maƙerin. Aikin maƙerin kawai ya yaba, na lura da wannan.

Mahauta biyu da wani mai kabu-kabu, wato ɗan acaɓa, suka fara saye, kuma suka ji daɗi. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Sai ga Dattijo. Haka nake kiransa, Baba kuwa aboki yake ce masa. Makiyayi ne daga wani kwari a arewa da Ibohamane, yana da shanu, yana da gonar hatsi, Hausa da Tamajaq duk a bakinsa suke. Kube uku Baba ya yi masa a tsawon zamansu, duk na wuƙa ɗaya. Wuƙar ta mahaifinsa ce. Da ita aka yanka ragon sunansa, da ita ya yanka na ƴaƴansa da jikokinsa, da ita yake layya. Wasawa ta cinye ta har ta rame, ta yi ɗan ciki a tsakiya. Ya ciro ta daga tsohon kuben da ya ruɓe, ya juya ƙotar wajen Baba, ya sa masa a hannu. Baba ya shafa ta, ya miƙo mini.

A gidanmu wuƙa kwana take yi. Mai ita ya bar ta daga kasuwa zuwa kasuwa, a ba shi wata ta aro ya rataya, don namiji a daji ba ya yawo hannu sake. Na san da wannan. Amma na ga Dattijo yana bin wuƙar da ido kamar wanda za a raba da ɗansa, ni kuma ina ɗokin nuna abin da na koyo. Da Baba ya tashi aka raka shi masallaci, na shimfiɗa wuƙar a kwali, na zagaye ta da biro, na miƙa wa Dattijo abarsa. Na ce masa yanzu zamani ya zo, ba sai ta kwana ba. Na nuna masa maƙali, na sakala a ɗamarar fatar da yake ɗaurawa, na ce ya ja. Ya ja, bai fita ba. Ya yi dariya ya ce to, ɗan aboki, a yi masa irin na Abijan.

Da Baba ya dawo ya laluba bai ji wuƙar ba, na gaya masa abin da na yi. Sai ya ce:

"Mutumin nan shina jan ruwa da hannunai."

Na ce na sani, kowa a kwarin nan yana jan ruwa. Na ɗauka zancen tsufa ne, na ci gaba da abin da nake yi.

Kuben da na ɗinka ya yi kyau, wannan ko maƙiyina zai faɗa. Jar fata, baki da baƙin ado, ɗinki a miƙe kamar na mashin. Na gwada shi da wata wuƙa tamu mai kama da ta Dattijo, ta zauna daram. Ranar kasuwa ya zo ya zura tasa, ta shige sumul ba ko tirjiya. Na ga sauƙin shigar ya yi yawa, amma mutane na tsaye suna yaba ado, sai na haɗiye. Baba ya tambaye ni ko na kife. Na ce na kife. Na kife ɗin, amma da wata wuƙa, kuma a kan tabarma. Ƙaryar nan ta fi komai ci mini rai daga baya.

Kwana huɗu kawai kuben ya yi a jikinsa. Da hantsi wani maƙwabcin Dattijo ya tsaya da moto a ƙofar gidanmu, ya gaida Baba, ya ce wuƙa ta faɗa rijiya. Guga ne ya maƙale a itacen bakin rijiya, Dattijo ya duƙa sosai zai kuɓutar da shi, wuƙar ta sulale ta wuce kunnensa ta tafi ƙasa. Kuben yana nan a ƙugunsa, maƙali bai saki ba ko kaɗan. Ya ce Dattijo bai aiko da faɗa ba, cewa ya yi kawai a gaya wa abokinsa.

Na jira Baba ya zage ni, da ya zage ni ma da na samu sauƙi. Sai ya ce in ɗauko masa wani tsohon kubensa mai igiya. Ya rataya a kafaɗa, ya miƙe, ya ce in duba. Ya sunkuya kamar mai ruku'u. Kuben ya yi reto ya bar jikinsa, bakin yana sama. Ya ƙara duƙawa har kansa ya kusa gwiwa, bakin yana sama. Ya karkata hagu, ya karkata dama, bakin yana sama. Sannan ya zauna ya cire.

Shekara arba'in ina kallon igiyar nan, ina ganin reton aibi ne, ashe reton shi ne aikin. Kube mai maƙali yana bin ƙugun mutum duk inda ya karkata. In ka kife kanka, ya kife tare da kai. Mahauci a tsaye yake aiki, mai kabu-kabu a zaune. Makiyayi kuwa rabin ranarsa a duƙe take a bakin rijiya. Duk da kunyar da nake ciki, sai da na karɓi kuben na rataya na gwada da kaina har sau uku, matata tana leƙowa daga madafa tana tambaya ko lafiya.

Na hau bayan moton muka tafi. Rijiyar tana cikin kwari, mai zurfi ce, in ka leƙa ruwan sai ka gan shi kamar faifai. Na tarar da shanu a tsaye, mutane a tsaye. Matsalar ta wuce ta Dattijo. Gugansu na robar tayar mota ne, kuma da safe guda ya fito a tsage, kowa ya ce wuƙar ce, ko ita ce ko ba ita ba. Mai shiga rijiya na yankin ya ce shi ba zai sa ƙafa cikin laka da wuƙa a tsaye ba, sai ruwa ya ja baya da bazara. An jefa ƙugiya an gaji, don wuƙa ba ta da inda ƙugiya za ta kama. Dattijo yana zaune a gindin wata bagaruwa, kuben banza a ƙugunsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce laifina ne. Ya ce Allah ya riga ya rubuta. Amma bai dube ni ba, kuma hannunsa yana ta komawa bakin kuben yana dawowa.

A hanyar dawowa na tuna da mayen ƙarfe. A ataliyenmu na Abijan da shi muke tsince allurai daga ƙasa. Washegari na sauka Keita wurin wani mai gyaran rediyo, ya ɓalle mini ɗaya daga bayan wani tsohon oparlar, wato lasifikar masallaci, mai faɗin tafin hannu. Na ɗinka masa ƴar jakar raga da zaren nailan, na ɗaura a igiya, na koma kwarin.

Ban san rijiya tana da ciki irin wannan ba sai ranar. Jefawar farko ta fito da ƙusa uku da marfin gwangwani. Ta biyu, cokali. Daga nan kwaɗo da mabuɗinsa a jiki, da hannun bokiti, da reza, da ƙararrawar akuya. Matan da suka zo ɗibar ruwa suka ajiye bido, wato jarkokinsu, suka kewaye ni. Wata tsohuwa ta ɗauki cokalin ta juya shi, ta ce nata ne, tun shekarar da ta yaye autanta take zargin maƙwabciyarta da shi. Aka bushe da dariya. Wata ta ce ɗan Abijan ya jefa wuƙa ya fito da cokali, gobe sai ya jefa saniya ya fito da kaza. Na yi yaƙe. Wallahi da ba don abin da ke gabana ba, da na wuni ina jefawa don in ga ƙarshen abin da ke ciki.

Ranar ban same ta ba. Na kwana a garin, da safe na koma. Dattijo da kansa ya zo ya tsaya inda ya tsaya ranar, ya nuna mini gefen da ya duƙa. Na bi bangon wannan gefen a hankali ina jan igiyar ina saki. Wajen azahar na ji nauyin da ba irin na ƙusa ba. Na fara ja a hankali. Da ta fito cikin haske muka gan ta tana lilo, tsininta kawai mayen ya kama, ƙotar tana ƙasa. Dattijo ya kwanta rub da ciki a bakin rijiyar, mutum biyu suka riƙe masa ƙafafu, ya miƙa hannu ya cafke ta.

Ƙotar ta kumbura ta tsage, ruwan wuƙar ya fara tsatsa, amma ita ce. Ya goge ta da bakin rawaninsa. Ya cire kubena daga ɗamara, ya miƙo mini, ya naɗe wuƙar a tsumma.

Na ɗauka mun rabu ke nan, mu da shi da duk mutanen kwarin. Labarin ya riga ya zagaya, kuma ba cewa ake ɗan baduku ya yi kuskure ba, cewa ake kuben gidan baduku ya zubar da wuƙa. Sunan Baba ne a kai. Mutumin da bai taɓa jin kunya a sana'arsa ba, sai da ya makance na jawo masa.

Ranar kasuwa sai ga Dattijo. Maƙerinsu ya yi wa wuƙar sabuwar ƙota. Ya kwance tsumman, ya juya ƙotar wajen Baba, ya sa masa a hannu. Baba ya shafa ta, ya miƙo mini. Dattijo ya tare hannunsa.

"A'a, aboki. Kai nika so ka yi."

"Ba ni gani," in ji Baba. "Shi za shi ɗumka. Kasuwa mai zuwa ka taho, a gabanka za a kihe. In ta hwaɗo, bisa ƙahwata za ta hwaɗo."

Dattijo ya daɗe bai saki hannun ba. Sannan ya saki, ya karɓi wuƙar aro ya tafi.

Makon nan ne na koyi dukanci. Na ɗauko kwali, Baba ya ji ƙararsa ya ce in kai wa awaki. Ya sa na jiƙa fata har ta yi laushi kamar kunnen akuya. Ya sa na shafe wuƙar da man shanu, na naɗe ta da fatar, na riƙa dannawa da babban yatsa daga tsini zuwa ƙota. A nan na gane abin da biro bai gani ba. Wuƙar ba ta rame daidai ba. Gefe ɗaya ya fi cinyewa, don Dattijo da hannu ɗaya yake wasa ta shekara da shekaru, kuma kaurin bayanta ya ragu daga tsakiya. Kwali faɗi kawai ya sani. Jiƙaƙƙiyar fata kuwa tana shiga kowane lungu ta zauna.

Na tambayi Baba me ya sa ba za a shanya a rana a huta ba. Ya ce rana tana busar da waje ta bar ciki, fatar ta saki daga baya. A inuwa ta kwana uku da wuƙar a ciki, kullum da safe ya karɓa ya shafa ya ce da saura. Na tambaye shi me ya sa ake sa wani siririn ƙirgi a gefen kaifi kafin ɗinki. Ya ce don wuƙa ta ci ƙirgi ta bar zare. Ban taɓa jin ya amsa tambayoyi da yawa haka ba. Da na ga ƙofa a buɗe, sai na sake tambayar tabon.

Ya ce kubensa na farko ne. Mahaifinsa ya ce ya kife, shi kuwa ya san bakin ya yi sako-sako, amma ya ji kunyar faɗa, ya kife, wuƙar ta sauka a ƙafarsa. Ya ce tun ranar bai sake ɗinka abin da yake shakka ba, don mutum yana iya ruɗin mai saye, amma da wuya ya ruɗi ƙafarsa.

Na ɗinke, na saka igiya, na warware bakin sau biyu na sake, don ban yarda da shi ba. Kuben bai kai na farko kyau ba. Ya bi cikin wuƙar ya ɗan karkace. A gida na kife shi a kan ƙafata ya fi sau ashirin, bai saki ba. Duk da haka ban iya cin tuwon kirki ba ranar jajibirin kasuwa.

Dattijo ya zo da hantsi, da mutum uku daga kwarin. Maƙwabtan rumfa ma suka matso, don magana ba ta ɓuya a kasuwa. Na zura wuƙar, ta shiga da ƴar tirjiya, ta yi wata ƙara ƙasa-ƙasa da Baba ya ji ya gyaɗa kai. Na miƙe, na zare takalmina, na sa ƙafata. Na yi niyyar in yi da sauri kafin Baba ya ankara, tunda ba gani yake ba.

Ya laluba da hannu ya taɓa ƙafata, ya ture ta gefe. Ya miƙo tasa ta dama, mai tabon, ya ajiye a tabarma.

"Ɗaga sama," ya ce. "Kai ka ɗumka, ni na ce ka iya."

Na ɗaga har saitin ƙirjina. Daga can ina ganin farin tabon, da jijiyoyin ƙafar, da yadda fatar ta tsufa. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, ko ranar rijiya. Na kife. Na girgiza sau ɗaya a hankali, sai Baba ya ce wannan ba girgiza ba ce. Na girgiza da ƙarfi, na sake, na sake.

Wuƙar ba ta motsa ba.

Dattijo ya karɓa ya rataya a kafaɗa, ya sunkuya har ƙasa kamar mai leƙa rijiya, ya ɗago. Ya cire wuƙar aro, ya juya ƙotar, ya sa a hannuna. Baba ya janye ƙafarsa yana laluben takalmi, ya ce in duba ko mai fura ta iso. Da na duƙa zan miƙa masa takalmin, na ga ƙafar tana rawa.